Hodar ibilis: abin da take bari a ƙwaƙwalwa bayan shekaru

Filin tambayoyin masu karatu kan lafiya, daga Damagaram

Wasiƙun wannan karon sun karkata wuri guda, shi ya sa muka haɗa su. Da can hodar ibilis, wadda wasu ke kira koken, baƙuwa ce mai wucewa: ana noman ganyenta a Kolombiya da Peru da Bolibiya, ta sauka gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta ratsa hamada zuwa Libiya da Turai. A watan Janairun 2022 an kama fiye da kilo 200 cikin mota guda a jihar Agadez. Amma ayarin da ya ratsa gari ba ya rasa zubar da wani abu a hanya, ga kuma ƴaƴanmu da ke dawowa da ita daga ci-rani. Mun cire sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 28. A zaman Libiya ya koyi shaƙar hodar nan, yau shekara shida. Sau uku yana dafa Alƙur'ani gaban mahaifinsa cewa ya bari, ba ya cika wata biyu sai ya koma. Ranar sunan ɗansa na fari yana zaune kamar baƙo, ko murmushi babu. Likita, rashin tsoron Allah ne, ko kansa ne ya taɓu? (Wata uwa, unguwar Birni)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki ladan haƙuri, shi kuma ya shirya shi. Karya rantsuwar da zaman baƙuntar ranar suna tushensu guda ne, kuma ana iya ganinsa a hoton ƙwaƙwalwa.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ba manne suke da juna ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu, kuma wasu sinadarai ne ke tsallaka shi da saƙo kamar ƴan aike. Ɗaya daga cikinsu sunansa dofamin, saƙonsa kullum ɗaya ne: wannan abu yana da amfani, a sake nemansa. Shi ke tashi idan mai ƙishi ya sami fura mai sanyi, ko ɗan kasuwa ya ci riba, ko uba ya ɗauki jaririnsa. Da zarar ya isar da saƙo, akwai ƙofa a jikin ƙwayar da ta aiko shi, ta nan yake komawa gida. Wannan ƙofar ce hodar ke toshewa. Ɗan aike ya rasa hanyar komawa, ya tsaya yana ta rafka sallama, na bayansa su zo su taru a kansa. Taron nan shi ne mayen da mai sha ke ji. A 1997 Dokta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun auna abin: sai an toshe aƙalla 47 cikin 100 na ƙofofin kafin mutum ya ji wani abu, kuma gwargwadon da masu sha suka saba ɗauka yana toshe 60 zuwa 77 cikin 100.

Mayen gajere ne. Wanda ya shaƙa ta hanci, minti 15 zuwa 30 ya gushe. Wanda ke zuƙar hayaƙin dunƙulalliyar da ake kira kirak, cikin daƙiƙa goma ta isa kai, cikin minti 5 zuwa 10 ta sake shi. Abin da ya zo da sauri ya tafi da sauri shi ya fi kama mutum, domin dare guda sai ya maimaita sau da yawa.

To, ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido ana yi mata wannan ihu. Ki tuna wanda ya kwana gindin lasifika a gidan biki: da safe kina yi masa magana, yana kallon bakinki. Haka take yi, sai ta rage kunnuwan da ke karɓar saƙon dofamin. Binciken Volkow na 1993 ya tarar da kunnuwan nan a rage ga masu dogon sha, kuma ko bayan wata uku zuwa huɗu da dainawa ba su cika ba. Saƙon da ɗaukar jariri ke aikawa yana nan yadda yake, masu jin sa ne suka yi ƙaranci. Ɗanki ba ƙin ɗansa yake ba. A wannan matakin ma hodar kanta ba ta ba shi daɗin farko, yana sha ne don ya ji shi daidai da sauran mutane.

Ɓarna ta biyu a bayan goshi take. Wannan sashen shi ne linzamin mutum: shi ke cewa dakata, shi ke auna riba da hasara, shi ke tuna alkawarin jiya a lokacin da ake buƙatarsa. Hotunan masu dogon sha suna nuna aikinsa ya yi sanyi, kuma gwargwadon raguwar kunnuwan dofamin, gwargwadon sanyinsa. Ana cikin haka ƙwaƙwalwa ta haddace duk abin da ke kewaye da sha: fuskar abokin, lungun, ƙarar wayar dila, har sabuwar takardar jaka goma a aljihu. A wani gwaji na 2008 an gilma wa masu sha hotunan kayan sha da saurin da ido bai iya tantancewa, kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa, amma sashen kwaɗayi na ƙwaƙwalwarsu ya motsa. Wato kafin mutum ya san ya ga wani abu, doki ya riga ya zabura, linzami kuwa ya ruɓe.

Saboda haka mai yiwuwa ne da zuciya ɗaya yake rantsuwar. Ba wanke shi muke ba, neman magani yana wuyansa. Amma muna roƙon mahaifinsa ya daina sa shi dafa Alƙur'ani. Kowace rantsuwa da ya karya tana ƙara masa kunya da jin cewa ya riga ya halaka, kuma irin wannan ƙuncin shi ke fara tura mutum gidan dila. A maimakon rantsuwa ta huɗu, a nemi alkawari ƙarami wanda ake iya gani da ido: zuwa wurin likita ranar kaza, tare da wane. Ki duba amsa ta ƙarshe, ta shafe ki.

Ƙanena ke riƙe mani shago a kasuwar Dole. Da shi ke yin lissafi da ka, yanzu sai ya ba da canji sau biyu, ya manta wanda ya ci bashi. Ya kai shekara takwas yana sha, tun yana ɗan 17. Ƙwaƙwalwar ta mutu ke nan? (Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari)

Ba ta mutu ba, Alhaji, ta ji rauni. Abin da ya fi lalacewa ga masu dogon sha abu uku ne: tsayar da hankali wuri guda, riƙe lissafi a ka na ɗan lokaci har a gama da shi, da canza shawara idan ta farko ta ƙi. Duk ukun aikin mai shago ne.

A jami'ar Kambirij ta Ingila, Karen Ersche ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 120, rabinsu masu dogaro da hodar. Kowa ƙwaƙwalwarsa na raguwa da shekaru, amma marasa sha suna rasa kimanin mililita 1.7 na naman ƙwaƙwalwa a shekara, masu sha kuwa kusan mililita 3.1, kuma bayan goshi da gefen kunne ne suka fi zaizayewa. Tsufa ne ke zuwa da gaggawa. Dalili ɗaya shi ne hodar tana matse jijiyoyin jini, ƙwaƙwalwa kuwa, duk da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, ita ke cin kusan kashi 20 na iskar da muke shaƙa. Ƙara da dararen da ba barci da kwanakin da ba abinci.

Labari mai daɗi daga Zurik ta ƙasar Suwis ya zo a 2014. An bi masu sha tsawon shekara guda. Waɗanda suka ƙara yawan sha, tunaninsu ya ƙara lalacewa. Waɗanda suka rage sun ɗan farfaɗo. Waɗanda suka daina ɗungurungum sun kamo marasa sha a gwaje-gwajen. Sai dai waɗanda suka fara da ƙuruciya farfaɗowarsu ta fi jinkiri, kuma ƙanenka yana cikinsu, domin bayan goshi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ya fara zuba masa guba tun ginin bai bushe ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani a matsayinka na wa. Ersche ta kuma duba ƴan'uwa ciki ɗaya, ɗaya ya kamu da sha ɗaya bai taɓa kamuwa ba, ta tarar da wani rauni iri ɗaya a sashen kame kai na dukansu biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wani lokaci tsagar ta gida ce. A sa ido kan ƙannen da ke tasowa.

A yanzu ka cire hannunsa daga kuɗi, ko da ya daina yau. Ba shi aikin jera kaya da awo, komai a rubuce cikin littafi. A sake duba maganar lissafi bayan wata shida.

Maigidana in ya sha sai ya kashe fitila ya laɓe bayan labule, wai jandarmomi sun kewaye gidan. Yana tsattsage fatar hannunsa da allura, wai ƙwari na yawo a ciki. Danginsa sun ce sammu ne, a kai shi ruƙiyya. (Wata matar aure, Garin Malam)

Malama, addu'a ba ta da laifi, amma abin da kika kwatanta sananne ne a littattafan likita tun ƙarni na 19, har da ƙwarin. Fiye da rabin masu sha da yawa suna fuskantar irin wannan zargin. Dofamin, ban da daɗi, shi ke sa wa abu alamar muhimmanci. In ya yi yawa, komai sai ya zama alama: ƙarar babur a waje, tarin maƙwabci, hasken waya. Ƙwaƙwalwa sai ta ƙirƙiro labarin da zai haɗa su, labarin kuma kusan kullum na farauta ne.

Abin da ya bambanta wannan da sauran illolin: daɗin hodar raguwa yake da daɗewa, zargi kuwa ƙaruwa yake. Wanda da sai ya kwana biyu yana sha kafin ya fara leƙen taga, daga baya shaƙa ɗaya ta ishe shi.

Ga yadda za ki gane. In hodar ce kaɗai, abin yana lafawa cikin sa'o'i ko ƴan kwanaki bayan ya daina ya sami barci. In ya wuce mako guda ba sha amma yana jin muryoyi, to akwai wata cutar a ƙarƙashi, kuma aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Lokacin da abin ya motsa kada ki yi gardama da shi, kada kuma ki gaskata shi. Ce masa kin ga yana cikin tsoro. Kawar da wuƙa da adda tun kafin dare, fitar da yara zuwa maƙwabta, ki zauna kusa da ƙofa. In ya fara zargin ke ce kike haɗa baki da su, bar gidan a daren, ki kira ƴan'uwansa maza. Kada a ɗaure shi da igiya a rufe a ɗaki, kada a danne shi rub da ciki: mutumin da zuciyarsa ke gudu, jikinsa ya yi zafi, kokawa na iya kashe shi.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Wani abokinmu a fada yana haɗa ta da tramol, wani lokaci da giya. Rannan ya faɗi yana jijjiga, da ya farfaɗo bakinsa ya karkace na ɗan lokaci sannan ya koma daidai. Ya ce gajiya ce. (Wani matashi, Kara-Kara)

Ba gajiya ba ce, ɗan'uwa, kuma ka kyauta da ka tambaya. Abu biyu suka same shi.

Jijjigar farfaɗiya ce. Hodar kaɗai tana jawo ta, tramol kaɗai yana jawo ta. Iyakar da likita ke rubutawa na tramadol, wato tramol, miligiram 400 ne a yini, na bakin titi kuwa ƙwaya guda kan kai 225, biyu sun riga sun haye iyaka. Giya kuma ta wata hanyar take ɓarna: in ta haɗu da hodar a hanta, sai su haifi wani sinadari na uku wanda ya fi hodar daɗewa a jini, ya fi ta cutar da zuciya.

Karkacewar baki ta fi tayar mana da hankali. Ana samun ta bayan farfaɗiya, amma tana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Hodar na harba tansiyo sama, wato hawan jini, cikin mintuna, tana matse jijiya, tana sa jini saurin daskarewa. Ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. Haka take yi wa zuciya: wani bincike na 1999 ya nuna haɗarin toshewar jijiyar zuciya yana ninkawa kusan sau 24 a sa'ar farko bayan sha. Kuma zafi na ƙara abin. A birnin Niyok an lura cewa mace-macen hodar na ƙaruwa a ranakun da zafi ya wuce digiri 31. Mu nan a watan Afrilu da Mayu 40 muke wucewa, shi kuma yana kan babur da tsakar rana.

Ya je asibiti cikin makon nan, a auna tansiyo, a duba zuciya, likita ya ga ko ana buƙatar hoton sikana. In ya sake faɗuwa: kwantar da shi ta gefe, sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, duba agogo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko ruwa, huhu za su tafi. Jijjigar da ta kai minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko farat ɗaya, ko ƙirji ya ɗaure: babban asibiti kai tsaye, ba tsayawa farmasi. In jikin ya yi zafi rau, a cire riga, a jiƙa shi, a yi masa fifita a hanya. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, domin akwai magungunan tansiyo da ake kauce wa ga wanda ya sha hodar.

Wani abu kuma: dillalai na cakuɗa ta da lebamizol, maganin tsutsar ciki na dabbobi. Yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Mai sha da ya tashi da zazzaɓi da gyambon baki, ko baƙin tabo a kunne, a yi masa awon jini, kada a tsaya kan maganin masassara.

An ce akwai allurar wanke jini da ke cire ta gaba ɗaya. Nawa ce? (Wani uba, Zango)

Babu ita, Baba. Wanda ya ce zai sayar maka, kuɗinka yake so. Jiki da kansa ke wanke hodar: cikin kimanin sa'a guda rabinta ya bar jini, awon fitsari ma kwana 2 zuwa 4 yake ganin sawunta, ga mai sha da yawa ya kai mako biyu. Matsalar ba a jini take ba, tana cikin abin da ƙwaƙwalwa ta koya. Har yau ba a amince da wata ƙwaya ko allura a matsayin maganin dogaro da hodar ba. Abin da likita ke rubutawa na abokan tafiyarta ne: ciwon damuwa, rashin barci, zargi, hawan jini.

Sanin jadawalin dainawa ya fi allurar amfani. Kwana ɗaya zuwa huɗu na farko faɗuwa ce: barci kamar gawa, ci kamar gara, baƙin ciki mai nauyi. Ba kamar giya ba, dainawar kanta ba ta kisa, amma a nan ne tunanin kashe kai ke zuwa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga gidan, in ya furta maganar mutuwa a kai shi asibiti a ranar. Daga mako na farko zuwa na goma, duniya ba gishiri: kasala, saurin fushi, mafarkin yana sha, barci marar nauyi.

Sai kuma wurin da iyalai suka fi faɗawa rami. Wata biyu sun wuce, yaro ya yi ƙiba, yana sallah cikin jam'i, sai a ce alhamdu lillahi ya warke, a mayar masa da makullin shago da babur. Alhali binciken da aka yi a Amurka a 2016 ya nuna cewa zaburar ƙwaƙwalwa in ta ga abin tuni ƙaruwa take bayan dainawa: ta fi ƙarfi tsakanin wata ɗaya zuwa shida, sai wajen shekara take sauka, kuma wannan na faruwa ko da mutumin da bakinsa yana cewa ba ya jin kwaɗayi. Wata biyun da ɗan Hajiya ta Birni ba ya cikawa ke nan.

Hanyar da ta fi nuna amfani a gwaje-gwaje mai sauƙin faɗi ce: awon fitsari sau biyu ko uku a mako, da lada nan take duk ranar da ya fito tsaf, ladan yana ƙaruwa in an jera, yana komawa farko in an karya. Ƙwaƙwalwar da ta daina ganin ribar nesa tana ganin ta yau. Gida na iya kwaikwayon wannan tare da likita, amma ladan kada ya zama tsabar kuɗi: yadi, takalmi, kayan sana'a, a biya masa kai tsaye. A haɗa da zama da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, inda zai lissafa abubuwan da ke tayar masa ɗaya bayan ɗaya, ya shirya abin da zai yi in kowanne ya zo. Kwaɗayin yakan taso ya lafa cikin ƙasa da sa'a guda in ba a biya masa ba, don haka shirin na sa'ar nan ne: wa zai kira, ina zai je.

A canza layin waya. A canza fada, ba rage zuwa ba. Kuɗin aikinsa ya bi ta hannun wani har shekara. Giya da tramol su tafi tare da ita, domin kwalba ɗaya ta isa ta kwance linzamin da aka yi wata huɗu ana ɗinkawa. In ya zame ya sha sau ɗaya, a koma wurin likita washegari, kuma a gaya masa tun yanzu cewa jikin da ya huta ba ya ɗaukar gwargwadon da ya saba a da. Ku fara da likitan unguwarku, ya rubuta muku takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, ku tafi da jerin duk abin da yake sha da ranar da ya sha na ƙarshe.